Umar Biyu: Waiwaye Kan Kallon Fina-finan Tarihi a Mubi

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Tun kafin zuwan allon majigi, Bahaushe da maƙwabtansa suna da hanyoyinsu na yin wannan waiwaye. Maroƙan fada suna jero sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, malamai suna karanta tarihin Annabawa da Sahabbai a zaure, tsofaffi kuma suna ba jikoki labarin shekarun fari da na hari. A yau wani sabon mai ba da labari ya shigo sahu, har yana neman ture na gabansa, wato fim ɗin tarihi. Abin da muke nufi da fim ɗin tarihi shi ne wasan kwaikwayon da aka gina a kan wani zamani da ya shuɗe, aka sa wa 'yan wasa tufafin wancan zamani, aka ba su makamansa da dabbobin hawansa, ko da kuwa labarin kansa ƙagagge ne.

A wannan maƙala za mu bi sawun kallon irin waɗannan fina-finai a garin Mubi da kewayensa, mu duba abin da ke sa taurarinsu su shiga ran mai kallo har ya riƙa ambatonsu kamar 'yan gidansu. Za mu tsaya musamman a kan taurari biyu masu suna ɗaya: Umar Mukhtar na ƙasar Libiya, wanda da wuya a sami babban mutum a cikinmu da bai san fuskarsa a fim ba, da kuma Shaihu Umar, wanda ɗan jiharmu ne ya ɗauki fim ɗinsa, amma ƙalilan daga cikinmu ne suka taɓa gani. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita za ta nuna mana cewa jin daɗin da muke yi na tarihin wasu yana da alaƙa da nauyin da muke ji na duban namu.

2.0 Mubi da 'Yan Kallonta

Kafin a yi maganar abin da ake kallo, ya kamata a san masu kallon. Mubi tana bakin kogin Yedzaram ne, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. A da yankin yana ƙarƙashin ikon masarautar Mandara, har zuwa lokacin da jihadin Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya shigar da shi cikin Fombina, ƙasar da daga baya aka sani da Adamawa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa ta Mubi a 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Jamusawa sun kama garin a 1903, Turawan Ingila suka ƙwace shi a 1914, sannan ya zauna a matsayin ƙasar riƙon amana har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961. Bayan ita ne yankin ya shigo Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, Mubi kuma ta zama hedikwatarsa. Daga baya ta shiga Jihar Gongola a 1976, sannan Jihar Adamawa a 1991.

Wannan taƙaitaccen bayani ya isa ya nuna cewa a tsawon rayuwar mutum guda, garin ya ga tutar Lamiɗo, da ta Jamus, da ta Ingila, da ta Nijeriya. Haka nan mutanen da ke cikinsa ba iri ɗaya ba ne. Akwai Gude da Fali da Njanyi, akwai Margi da Kamwe da Kilba, akwai Fulani da Barebari da Hausawan da fatauci ya kawo, akwai Musulmi akwai Kirista. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da tasha da makaranta, ita ce kuma ta haɗa su a gaban allo. Saboda haka duk bencin da aka jeru a kai ana kallo a Mubi, yana ɗauke da zuriyoyin mutanen da suka taɓa tsayawa a ɓangarori daban-daban na tarihi guda. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa.

3.0 Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu

Kallon fim ya shigo Arewa ta ƙofofi biyu. Ƙofa ta farko ita ce majigi, wato motar gwamnati mai yawo gari-gari tana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta. Gwamnatin Ingila ta kafa sashenta na shirya wa ƙasashen da take mulka fina-finai a 1939, daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin. Abin da ake nunawa shi ne tsafta da allurar rigakafi da noman auduga, irin su Baban Larai, tare da hotunan manyan bukukuwa kamar hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. A nan ne mutanenmu suka fara ganin dawaki da lifidi da kwalkwali a kan allo, suka kuma gane cewa abin da suka saba gani a hawan salla yana iya zama abin kallo na daban.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kuɗi, wanda Kwarori suka fi riƙewa. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga shekarun 1950 kuma fina-finan Indiya suka fara mamaye allon. Cikinsu akwai masu labarin sarakuna da 'ya'yan sarakuna, da takubba da giwaye da gadon sarautar da aka ƙwace, irin su Dharam Veer na 1977. Sai dai silima wuri ne na samari da magidanta marasa jin nauyin a gan su a can. Matan aure da dattawa ba su da rabo a ciki.

Akwatin bidiyo ne ya rushe wannan katanga a shekarun 1980. Da kaset ya shiga ɗaki, sai uwargida da amarya da yara da kaka suka zama 'yan kallo, gidajen kallo na unguwa kuma suka buɗe wa marasa akwati hanya. A wannan zamani ne fina-finai biyu na Mustafa Akkad, mutumin Siriya, suka samu gindin zama a gidajen Musulmi: Ar-Risala na 1976, mai ba da labarin farkon Musulunci ba tare da nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, da kuma fim ɗin Umar Mukhtar na 1981. Gidan talabijin na ƙasa shi ma ya taka rawa da wasannin da aka ciro daga littattafai, kamar Magana Jari Ce daga Kaduna da labarin Okonkwo na Chinua Achebe a 1987.

Da fina-finan bidiyo na Hausa suka kunno kai daga Kano da Turmin Danya a 1990, an yi zaton za su cike giɓin tarihin gida. Amma sun fi karkata ga soyayya da zaman aure, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fim ɗin tarihi yana cin kuɗi. Ana bukatar dawaki da masu hawansu, da saƙi da rini na gargajiya, da ƙauyen da babu rufin kwano ko turken lantarki ko bokitin roba da zai tona asirin zamani. Ko Sangaya na 1999, da aka gina a gidan sarauta, ya ari adon fada ne ba tare da ya jingina da wani zamani takamaimai ba. Da aka shiga shekarun 2010 kuwa, sai fassarar murya zuwa Hausa, wadda gidaje irin su Algaita na Kano suka shahara da ita, ta haɗu da wayar hannu da masu tura fina-finai a bakin kasuwa. Daga nan ne dogayen wasannin tarihi na Koriya da Indiya da Turkiyya suka shiga aljihun ɗan acaɓa da ɗalibi da mai sayar da shayi.

4.0 Abin da ke Jan Mai Kallo

Idan muka saurari hirar da ake yi bayan an tashi daga kallo, za mu tarar ba a cika maganar shekaru ko sunayen garuruwa ba. Maganar taurari ake yi: wane ya cika namiji, wane ya ci amana, wance ta yi haƙuri. Mai kallo ya riga ya raba su gida-gida da kalmominsa, akwai akta akwai bos, kuma tsakaninsu akwai wasu da ya fi so ko ya fi ƙi fiye da su biyun.

Mu ɗauki wasan Ertugrul, wanda gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya ya nuna daga 2014 zuwa 2019, a kan mahaifin Usman, wanda ya kafa Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A ciki akwai amintattun barade irin su Turgut da Bamsi, waɗanda ba sa juya wa ubangidansu baya. Akwai uwa mai riƙon gida da kaifin hankali, wato Haima. Akwai malami mai bayyana a lokacin tsanani da nasiha, wanda aka ba sunan Ibn Arabi. Sannan akwai munafukan cikin gida, irin su Kurdoglu da waziri Sa'adaddin Kofek, waɗanda mai kallo ya fi jin zafinsu fiye da mayaƙan Mongol da ke zuwa gaba da gaba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo wa mai jin Hausa a baƙo. Mugun waziri mai haɗa baki da abokan gaba yana nan a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, amintaccen bara yana nan a waƙoƙin fada, malami mai addu'a kafin a fita daga yana nan a labaran jihadi. Wato baƙon fim ya tarar da gurabe a zuciyar mai kallo, ya shiga ya zauna.

Bugu da ƙari, akwai dalilai na zahiri. Tufafin da ake sawa a irin waɗannan wasanni masu rufe jiki ne, don haka uba yana iya zama da 'ya'yansa ba tare da ya riƙa neman inda zai sa idonsa ba. Dawaki da takubba da tutoci suna tuna wa mutum hawan salla. Uwa uba, duniyar da ake nunawa duniya ce da amana da cin amana suke a fili, kuma ko an daɗe sai an yi wa azzalumi hukunci a gaban idon mai kallo. Mutumin da ya wuni yana fama da rashin gaskiyar da ba ta da fuska, ba abin mamaki ba ne ya sami sanyi a wurin da mugu yake da suna da kamanni da ranar ƙarshe.

Sai dai wajibi ne mu tuna cewa abin da tarihi ya tabbatar game da Ertugrul kansa ɗan kaɗan ne ƙwarai, mafi ƙarfinsa shi ne wani kuɗin ƙarfe da ɗansa Usman ya buga mai ɗauke da sunansa. Ibn Arabi ya rasu a Dimashƙa a 1240, littattafan tarihi kuma ba su kawo zamansa da Ertugrul ba. Masarautar da ke cikin Bahubali na Indiya, wanda ya fito kashi biyu a 2015 da 2017, ƙagaggiya ce ɗungurungum. Wannan ba aibi ba ne ga mai shirya wasa, domin aikinsa ke nan ya cike guraben da tarihi ya bari. Abin lura shi ne kowace ƙasa tana cike guraben ne da abin da take so a ɗauke ta da shi, kuma sau da yawa gwamnati ce ke biyan kuɗin.

A cikin dukkan waɗannan taurari, babu wanda ya daɗe a zukatanmu kamar Umar Mukhtar. Dattijo ne malamin allo, mai farin gemu da tabarau, wanda ya jagoranci mutanensa a yaƙin sunƙuru da sojojin Italiya na kimanin shekara ashirin, har aka kama shi aka rataye shi a bainar jama'a a ranar 16 ga Satumba, 1931. Anthony Quinn ne ya fito a matsayinsa, gwamnatin Libiya kuma ta ɗauki nauyin aikin. Mai kallo ba ya mance yadda ya hana a kashe fursunan yaƙi, da yadda tabaransa suka faɗi a gindin gungumen rataya wani yaro ya ɗauka. Muna son sa domin ya yi kama da malaman da muka yi karatu a gabansu. Amma akwai wani dalili da ba mu cika faɗa ba. Abokin gabansa, Janar Graziani, baƙo ne daga hayin teku, kuma a duk bencin kallo na Mubi babu jikansa. Kowa yana iya yin kabbara ko tafi tare da na kusa da shi, a tashi ba wanda ya ji an taɓa kakansa.

5.0 Ɗaya Umar Ɗin

Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubucinsa, Abubakar Tafawa Ɓalewa, saurayi ne malamin makaranta a lokacin, kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo na dandali, aka buga a 1975. Daga nan Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkiɗa ta Jihar Adamawa a 1936, ya ɗauke shi a fim a 1976, da Umaru Ladan a matsayin Shaihu, aka kuma nuna shi a bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a 1977. Halilu ya biyo bayansa da wani fim ɗin tarihi a kan Kanta na Kabi a 1978.

Labarin sananne ne ga ɗaliban Hausa. Shaihu yana zaune a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. An haife shi a Kagara bayan rasuwar mahaifinsa. Mijin uwarsa, Makau, baran sarki ne da 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri bayan wani harin kamun bayi, aka kore shi daga gari. A cikin wannan watsewar gida ne aka sace Umar yana ƙarami, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasarsu ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi ilmi. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka sayar, aka ƙetara Sahara da ita ta Murzuk zuwa Tarabulus. Sun sadu daga ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika.

A nan ne Umar biyun suka haɗu. Hamadar da Umar Mukhtar ya yi yaƙi a gefenta, ita ce ayarin bayi ya ratsa da uwar Shaihu Umar. Fina-finan biyu sun fito a tsakanin shekara biyar, kowannensu da tallafin gwamnati, kowannensu kuma babban tauraronsa malami ne mai haƙuri da tawakkali. Amma ɗaya ya shiga kaset ya zagaye gidajenmu, ɗayan kuwa ya ɓace kusan shekara arba'in. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya a Balin ta ƙasar Jamus mai suna Arsenal ta gyara su, aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wato mutanen Jamus sun riga mafi yawan mutanen Garkiɗa da Mubi ganin aikin ɗansu.

Rashin hanyar rarraba fina-finai da sakacin ajiya suna cikin dalilan wannan ɓata. Amma ko da ya samu kasuwa, Shaihu Umar ba ya ba mai kallo irin daɗin da Umar Mukhtar ke bayarwa. Ba shi da bos guda da za a tsana a huta. Masu kai hari mutanen gari ne, masu ƙulla sharri abokan zama ne, masu saye da sayarwa suna salla suna azumi, kuma wanda ya raba yaro da ƙasarsa shi ne ya ba shi ilmi. Tafawa Ɓalewa bai yi wa kowa huɗuba ba. Ya bar mai karatu ya bi wata uwa daga kasuwa zuwa kasuwa har ƙarfinta ya ƙare. A ganinmu wannan mata ita ce tauraruwar da ta fi kowa nauyi a labarin, kuma Halilu ya yi jarunta da ya yarda ya sa ta a gaban idon 'yan ƙasa.

6.0 Tarihin da Ba a Ɗauka Ba

Idan muka juyo gida, za mu ga cewa yankin Mubi ba ya rasa taurari. Ga Lamiɗo Zubairu, wanda ya hau gadon Yola a 1890. Ya ƙi miƙa wuya ga Turawan Ingila har suka ci Yola da yaƙi a Satumban 1901, ya sake gwabzawa da Jamusawa a Garwa da Marwa, ya ci gaba da gudun hijira har aka kashe shi a 1903. Da a wata ƙasa yake, da tuni an yi masa wasa mai kashi ɗari. Amma Zubairun nan dai shi ne wanda a zamaninsa aka riƙa kai harin bayi kan mutanen duwatsun wannan yanki. Jarumi ne ga wani, abin tsoro ne ga kakan wani, kuma duka biyun gaskiya ne.

Ga kuma Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewacin Mubi, wanda ya yi mulki daga 1902 zuwa 1927. Ya bar abin da sarakuna kaɗan suka bari, wato littafin abubuwan yau da kullum da ya sa aka riƙa rubuta masa da Larabci daga 1912 zuwa 1927. A ciki yana lissafa hare-haren da ya aika kan Sukur da sauran ƙauyukan dutse, da yawan mutanen da aka kamo, da dawakin da aka musanya da su, a jere da maganar kyauta da tafiye-tafiye da baƙin da ya sauka. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927, ya rasu a 1929, an kuma buga fassarar littafin da Ingilishi a 1995. Sukur ɗin da ya addaba ita ce wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya, a 1999. Marubucin wasa ba zai sami abin aiki da ya fi wannan ba: mutum mai wayo da ya yi zamani da Jamus da Faransa da Ingila yana auna kowannensu, ga kuma maganarsa da bakinsa, ga labarin da zuriyar waɗanda ya kama suke bayarwa har yau.

Haka nan ƙuri'ar 1961 labari ce mai cike da taurari. A ƙuri'ar farko ta 1959 mafi rinjaye sun zaɓi a jinkirta yanke shawara, abin da ya girgiza gwamnatin Sardauna a Kaduna. A ta biyu mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, har Shugaba Ahmadu Ahijo ya ayyana ranar makoki a ƙasarsa. A bayan waɗannan alƙaluma akwai gidajen da wa da ƙane suka jefa ƙuri'a a akwati daban-daban, akwai talakawan dutse da suka yi amfani da ƙuri'arsu don nuna gajiyarsu da mulkin hakimai. Kusa da mu kuma akwai watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Mubi suka sauya mata suna, jama'a suka watse cikin duwatsu da ƙetaren iyaka kafin a ƙwato ta a Nuwamba. Yaran da aka goya a wancan gudu sun girma, nan gaba kaɗan su ma za su nemi a ba su labarin.

Abin da ya hana a taɓa waɗannan labarai ya wuce rashin kuɗi. A nan ne bencin da muka ambata a baya yake dawowa. Duk wanda ya ɗauki fim a kan Hamman Yaji ya san cewa jikan maharbi da jikan wanda aka harba za su zauna kafaɗa da kafaɗa su kalla, kuma a ƙasar da ƙabila da addini suke saurin kama wuta, tsoron tayar da tsohon miki tsoro ne mai dalili. Amma shiru ma yana da nasa farashi. Labaran ba su mutu ba, suna nan ana ba da su a kowane gida da harshensa, kowane ɓangare yana jin rabinsa kawai. Akwai kuma haɗarin wani daga nesa ya zo ya ba da labarin a madadinmu. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, da ya fito a Netflix a 2021, ya samu 'yan kallo da yawa a duniya, amma da Ingilishi aka yi shi, kuma masu kallo a Arewa sun yi ta ƙorafi a kan tufafi da al'adun da aka jingina wa Zazzau. In mai gida bai share ƙofarsa ba, ba ya da bakin zargin wanda ya share masa a karkace.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda kallon fina-finan tarihi ya taso daga farin ƙyallen majigi ya iso tafin hannu, da yadda taurarinsu suka sami karɓuwa domin sun dace da guraben da adabinmu ya riga ya tanada. Mun kuma ga cewa daɗin kallon Umar Mukhtar da Ertugrul ya ƙaru ne saboda yaƙinsu ba ya raba bencinmu. Babu laifi a wannan daɗi, kuma ba ma kira ga kowa ya daina. Abin da muke cewa shi ne, yaron da ya iya jero baraden Ertugrul amma bai taɓa jin sunan Zubairu ko Sukur ba, an bar shi da gadon da ba nasa ba.

Hanyar da Shaihu Umar ya bi tana nan a buɗe, kuma ba ta fara da kyamara ba. Ta fara da ɗan littafi, ta bi ta dandalin wasan kwaikwayo, sannan ta isa allo. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, cike da ɗalibai masu jin Gude da Fali da Margi da Kamwe da Fulatanci, waɗanda za su iya zama gaban tsofaffinsu su ɗauko labari daga kowane ɓangare kafin masu shi su ƙare. Daga nan sai rubutu, sai gwaji a dandali, inda za a bar kowane tauraro ya yi magana da harshensa, a kuma ba matar da aka kama a gona wuri daidai da na mai dokin da ya kama ta. Matakin farko kuwa ya fi kowanne sauƙi: a nemo gyararren fim ɗin Adamu Halilu, a kafa allo a Mubi da Garkiɗa, a gayyaci dattawa da matasa su zauna su kalla, sannan a saurari abin da za su ce bayan an kunna fitila.